Kada a yi saurin yar da kafireton tsohon babur

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garejin masu gyaran babura, wadda na daɗe ina jin zafinta a raina. Da zarar an kai tsohon babur yana shaƙewa, ko yana mutuwa a silo, wato lokacin da inji yake aiki ba a murɗa totur ba, ko mai yana ɗiga daga ƙasansa, abin da za a fara gaya wa mai shi shi ne kafireto ya gama aiki, a je kasuwa a sayo sabo. Sai a kwance na asali wanda ya taho da babur ɗin tun daga Japan, a jefa shi cikin buhun 'yan gwangwan, a ɗaura wani na kwaikwayo mai ƙyalli. A ganina, sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin cutar ba daga kafireton take farawa ba, kuma kafireto na asali ba ya mutuwa da sauƙi haka.

Ina magana ne a kan abin da ya faru da ni. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, malamin firamare ne, kuma yana cikin ma'aikatan da suka karɓi ƙarin albashin Udoji da ariyas ɗinsa a 1975. Da wannan kuɗi ya sayi Honda CD175, wanda mutanen wancan zamani suke kira Benli, mai silinda biyu da kafireto ɗaya tak ƙirar Keihin. Bayan rasuwarsa babur ɗin ya shekara 9 a zaure, lulluɓe da tsohuwar tabarma, da ragowar mai a tankinsa. Ranar da na tura shi wajen gyara, bakaniken farko ya buga kik sau kaɗan, babur ya tashi ya mutu, kuma ba a yi minti 10 ba ya yanke hukunci cewa sai an sake kafireto. Na saya, an ɗaura, babur ya tashi, amma ya koma shan mai kamar mota, salansa tana fitar da baƙin hayaƙi, filogan biyu suna cika da kunkunniya duk bayan kwana uku. Abin da ya cece ni shi ne ban bari an tafi da tsohon ba, na sa shi a leda na dawo da shi gida, don kawai hannun mahaifina ya taɓa shi.

Daga baya aka haɗa ni da wani dattijon bakanike a wajajen Ƙofar Ruwa a Kano, wanda ya koyi aiki a lokacin da irin waɗannan babura suke sababbi. Ya dubi sabon kafireton, ya ce, "Ɗana, ina nasa na asali?" Na ce, "Baba, yana gida, an ce mini ya mutu." Ya ce in je in ɗauko, amma kafin a taɓa shi tanki za a fara dubawa. Ya zare tiyon mai, ya juya makullin mai zuwa rizab, wato ragowar man ajiya na tanki, ya tari abin da ya zubo a cikin farar kwalba, sannan ya ɗaga ta sama ta fuskanci rana. A ƙasan kwalbar ga ruwa nan kwance, kaurinsa ya kai yatsa guda, man yana bisansa, a tsakaninsu kuma jar tsatsa tana yawo kamar garin barkono. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka ƙasan tanki yake komawa ya zauna yana cin ƙarfe, kuma daga ƙasan nan ne rizab yake jan mai. Duk kafireton da aka ɗaura a ƙarƙashin irin wannan tanki, sabo ne ko tsoho, abin da zai sha ke nan. Ya sauke tankin, ya zuba masa kananzir da ƙananan notina cike da tafin hannu, muka yi ta jijjigawa muna zubarwa har abin da yake fitowa ya yi fes, aka shanya shi a rana. Ya wanke 'yar rariyar da take cikin makullin mai, ya sake tiyon da ya bushe ya yi tauri, ya kuma buɗe 'yar ƙofar iska ta murfin tanki, wadda idan ta toshe babur yakan yi tafiya kaɗan ya tsaya kamar mai ya ƙare alhali tanki a cike yake.

Sai bayan nan ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan benci ya buɗe kafireton, yana jera kowane ƙarfe a inda ya fito. Tsohon man da ya bushe ya bar wani danƙo mai launin makuba a cikin ƙoƙon ƙasa. Ya ciro jet ɗin silo, wato ɗan ƙarfe mai 'yar ƙofa da mai yake bi ta cikinta, ya miƙo mini ya ce in leƙa ta cikinsa, ban ga haske ko kaɗan ba. Ƙofar wannan jet ba ta kai rabin milimita ba, kuma ita ce take ciyar da inji a lokacin da ba a murɗa totur ba, shi ya sa ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta hana babur silo. Yaron shagon ya miƙo allura, dattijon ya hana shi, domin jet tagulla ne mai laushi, kuma da zarar an zura masa ƙarfe ƙofar ta ƙara faɗi, awon da kamfani ya yi ya lalace har abada. Jiƙa shi ya yi, ya bar danƙon ya narke, aka hura shi da iskar mai faci, sai ga haske zagaye ya bayyana. Ya ɗauki fulot, wato 'yan tulunan da suke iyo a kan mai suna rufe hanya idan ƙoƙo ya cika, ya girgiza a kusa da kunnensa, ya ji motsin mai a ciki. Da ya tsoma shi a ruwan zafi, kumfa ta riƙa fitowa ta wata 'yar huda da ido ba ya gani. Ya tsiyaye man, ya bar shi ya bushe, ya like hudar da ɗigon dalma. Abu ɗaya kaɗai muka saya na kafireton, shi ne 'yar allurar da fulot yake turawa, wadda bakinta ya cinye. Da muka jera babban jet na kwaikwayon kusa da na asalin, ido ma ya ga cewa ƙofarsa ta fi faɗi, domin tun farko ba don wannan inji aka auna shi ba.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne wani gyara da ya yawaita tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023. Mutum yakan je ya ce a rage wa babur ɗinsa shan mai, sai a cusa silin waya a cikin babban jet, ko a sauke allurar totur ƙasa, don man da yake wucewa ya ragu. Na san halin da ake ciki, kuma ba na zargin wanda yake neman sauƙi. Amma inji yana son iska da mai bisa awo, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur idan da nauyi aka auna, kuma injin da iska kaɗai take sanyaya shi yana dogara da wadatar mai don kada zafinsa ya wuce kima. Idan aka matse shi, aka kuma hau shi doguwar tafiya a zafin watan Afrilu, bakin filogi zai yi fari fat maimakon launin ƙasa-ƙasa da ake so, daga nan bawul ya ƙone ko fistin ya kama. An daina ƙera CD175 tun 1979, don haka wanda ya ƙona fistin ɗinsa zai sha yawo kafin ya sami na kirki, garin neman gira ya rasa ido. Haka kuma masu cire matatar iska su yar don wai babur ya ƙara gudu, su ne suke kashe kafireto kisan gaske, domin ƙurar hunturu tana goge bangon da silaid, wato ƙarfen da totur yake ɗagawa don buɗe hanyar iska, yake hawa da sauka a ciki, kuma idan wannan bango ya cinye, ko jikin kafireton ya tsage, to a nan na yarda babu makawa sai an sake.

Ba na ɗora wa bakanikai laifin su kaɗai. Mu masu babura mukan biya kuɗin sabon kaya ba tare da musu ba, amma idan bakanike ya zauna awa 3 yana wanke jet yana daidaita fulot, sai mu ce ai bai sa komai ba, mu miƙa masa abin da bai kai kuɗin abincin ranarsa ba. Wanda aka yi wa haka sau biyu, dole ya koma ga kwancewa da ɗaurawa, kuma yaran da suke koyo a hannunsa za su tashi ba su taɓa ganin an like fulot ba. Ranar da dattijon nan ya gama, ya murɗa sukurun iska a hankali yana sauraron inji har silo ya zauna daram, na ba shi fiye da abin da na sayi kafireton kwaikwayon, kuma ban ga na biya shi hakkinsa duka ba.

Tun daga lokacin nake lura da abin da yake shiga tanki. Gurɓataccen man nan mai yawan metanol da aka shigo da shi Nijeriya a farkon 2022 ya nuna cewa ko na gidan mai ba a rufe ido a kansa, balle na galan ɗin 'yan bumburutu, wanda idan ya zama dole in saya sai na tace shi da ƙyalle mai tsabta. Na sa ƙaramar matata a tsakiyar tiyo, ina rufe makullin mai duk dare, idan kuma zan yi tafiyar da babur zai zauna fiye da mako biyu nakan kwance sukurun ƙasan ƙoƙo in tsiyaye man da yake ciki. Farkon kowane wata nakan tari mai daga rizab a cikin farar kwalba in ɗaga ta sama kamar yadda na ga dattijon ya yi. A tsakiyar daminar bana na sami 'yan ɗigon ruwa a ƙasanta, na bi sawu na tarar robar murfin tanki ce ta tsage, na sake ta tun kafin ruwan ya kai ga jet.