Masu rage cin nama a Zariya, awara da daddawa sun ishe mu, amma akwai sharaɗi

Jama'a, yanzu gidaje da yawa a Zariya sun rage nama, wasu saboda tsada, wasu kuma likita ne ya ce su yi hattara da kitse. Abin da ke damuna shi ne yadda ake nuna wa mutane cewa sai sun sayi "naman bogi" na leda da aka shigo da shi daga waje. Ba haka ba ne. Wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru zai fito da duk abin da yake bukata: waken soya, farin wake, gurjiya, gyaɗa, riɗi, agushi, daddawa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta daɗe tana fitar da irin wake mai suna SAMPEA, a nan ƙofar gidanmu.

Awara ce uwa a wannan harka. Busasshen waken soya yana da furotin kusan kashi 36 cikin ɗari, farin wake kuma kusan 24. Sai dai awara da yawa da ake sayarwa ba a yi ta daidai ba, shi ya sa wasu ke cewa tana ɗaure musu ciki ko tana ƙarni.

A jiƙa gwangwani biyu na waken soya awa takwas zuwa goma. Lokacin zafin Maris da Afrilu awa shida ta isa, in ya wuce haka sai ya fara tsami tun kafin a niƙa. A wanke, a niƙa da laushi, a tace da kyalle mai tsabta, ruwan ya kai kamar ninki takwas na waken. Ga inda ake kuskure: madarar tana fara kumfa sai a zuba ruwan tsami. A'a. A bar ta ta tafasa minti goma zuwa sha biyar ana juyawa, domin ɗanyen waken soya yana da sinadarin da ke hana jiki narkar da furotin, zafi ne ke kashe shi. Sannan a rage wuta, a riƙa zuba ruwan tsamin kamu ko na tsamiya kaɗan-kaɗan. Alamar ya isa ita ce awarar ta dunƙule ta taso, ruwan ƙasa ya koma garau mai ɗan rawaya. In ruwan yana nan fari kamar madara, tsamin bai kai ba. In an zarce, za ta yi tauri, ta yi tsami, kuma ba za ta yi auki ba. A juye a kyalle, a ɗaure, a danne da dutse kamar minti arba'in.

Uwargida mai firiza, ki daskarar da awarar kwana ɗaya, ki narkar, ki matse. Za ta yi ramuka kamar soso, ta sha miyar kuka ko ta taushe har cikinta. Wannan ya fi a soya ta cikin mai tsundum kullum, don wanda ya bar nama saboda kitse bai ci riba ba in ya koma shan mai.

Ɗanɗanon da ake kewa a miya kuwa, daddawa ce maganinsa. A daka ta da albasa da citta, a soya a ɗan mai kafin a zuba ruwa. Garin ƙuli-ƙuli cokali biyu yana ƙara wa miya kauri. A guji gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci, gubar da ke cikinta tana cutar da hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Makon farko da aka fara yawaita cin wake ciki zai iya yin kumburi, ba ciwo ba ne. A jiƙa wake, a zubar da ruwan jiƙon, a ƙara yawan ci a hankali. A rage kanwa, tana lalata bitamin B1. Tuwo da miyar wake, ko shinkafa da wake, haɗi ne mai kyau, abin da hatsi ya rasa wake yana cike shi. A matsa lemun tsami a kan kwaɗon zogale ko rama don jiki ya fi ɗaukar sinadarin ƙarfe, shayi kuma a jinkirta shi awa guda bayan abinci.

Sharaɗin da na ambata shi ne bitamin B12, kuma a nan ne nake roƙon kowa ya saurara. Babu shi a wake, babu a zogale, babu a daddawa gwargwadon da za a dogara da shi. Babba yana bukatar maikirogiram 2.4 a rana. Hanta tana ajiye shi na shekaru, don haka mutum zai ɗauka lafiya lau yake, sai daga baya kasala, ƙarancin jini da mutuwar yatsun hannu da ƙafa su bayyana. Wanda ya bar nama kaɗai amma yana shan nono yana cin ƙwai da kifi, da sauƙi. Wanda ya bar su duka, dole ya riƙa shan ƙwayar B12 bisa shawarar likita, musamman mai ciki da mai shayarwa. Madarar waken soya ta gida kuma ba ta maye gurbin nonon uwa, kada a shayar da jariri da ita.