Yadda eriyata ta kamo kilowat biyar a Barnawa

Wani Alhaji mai ɗakin taro a unguwar Barnawa da ke Kaduna ya kira ni saboda makirufonsa mara waya ya fara kwaso shirye-shiryen rediyo a tsakiyar walima, har an taɓa jin farashin hatsi yana fita ta lasifika ana shirin yi wa ango nasiha. Na hau saman ginin da analaiza, wato na'urar da ke zana ƙarfin igiyoyin rediyo a kowane zango, na kafa ƙaramar eriya, na duba daga megahaz 87.5 zuwa 108 inda tashoshin FM suke. Wata tasha ta yi tsini a kan allo daidai kusa da inda makirufon yake aiki. Na adana zanen a filashi a matsayin fayil ɗin CSV, wato jerin lambobi a rubuce, na sauko.

Da daddare na buɗe fayil ɗin a manhajar kwamfuta domin in haɗa rahoto, sai ta nuna mini cewa ƙarfin tashar ya kai 67 dBm. Ma'aunin dBm yana farawa ne daga miliwat ɗaya, kuma duk ƙarin goma yana ninka ƙarfi sau goma, saboda haka 30 dBm wat ɗaya ne, 60 dBm kuwa kilowat ɗaya. Ke nan 67 dBm ya kai kilowat biyar, a bakin eriyar da ba ta kai tsawon hannuna ba. Yawancin irin waɗannan na'urori an rubuta a jikinsu cewa kada a wuce 30 dBm, don haka da lissafin gaskiya ne da tawa ta daɗe da zama gawayi, ni ma da wuya in sauko da ƙafafuna.

Yarona na shago bai jira bincike ba. Da sassafe ya tura wa Alhaji hoton zanen, har da bayanin kilowat biyar ɗin da ya ji ina faɗa, kuma kafin in gama karin kumallo waya ta yi ƙara.

"Injiniya, ashe wuta muke da ita a sama muna ta sayen dizal? Ka zo ka haɗa mini ita da firji da fankoki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa azahar."

Da na buɗe fayil ɗin a matsayin rubutu zalla, sai ga ɓarawon a layin sama. Analaizar tana kan ma'aunin dBµV ne, wanda ke farawa daga maikrovolt ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na volt, irin wanda masu aikin eriyar talabijin suka fi so. Ta rubuta hakan da gaskiyarta, amma ƙaramar alamar nan ta µ ta lalace a hanya ta koma alamar tambaya. Manhajar ta ga "dB?V", ba ta gane ba, ba ta kuma yi ƙorafi ba, sai ta kwashe lambobin yadda suke ta liƙa musu dBm. A ganina wannan shirun shi ne babban laifinta, domin manhajar da ba ta san ma'auni ba kamata ya yi ta tsaya ta tambaya, kamar yadda mai hatsi ba zai ji "ba ni goma" ya ɗora maka buhu goma ba alhali mudu kake nufi. Ko hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars a 1999 saboda saɓanin ma'auni tsakanin manhajoji biyu.

Gyaran bai ɗauki minti ɗaya ba, domin a wayar eriya irin tawa mai om 50, wato ma'aunin turjiyar lantarki, cire 107 kawai ake yi daga dBµV a samu dBm. Sittin da bakwai ya koma -40 dBm, wato kashi ɗaya cikin miliyan goma na wat. Ya isa ya dami makirufo, amma ko ƙwan tocila ba zai motsa ba.

Na koma Barnawa na sauya wa makirufon zango, sannan na yi wa Alhaji bayani a tsanake cewa sai an tara irin wannan eriya miliyan hamsin kafin a kunna ƙwan fitila ɗaya mai wat biyar. Ya yi shiru yana jan carbi, ya dubi sama, ya dube ni, sannan ya tambaye ni nawa za a bar masa ɗaya idan sari zai yi.