Wa zai share masa ƙura?

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune a fadarmu nan Tawa, shayi na biyu yana kan gawayi, sai ɗan ƙanwata ya miƙo mini waya. "Kawu, dubi wanga abu." Bidiyon wani mutum-mutumi ne, robo in ji ƴan lakkol, mai ƙafa biyu da hannu biyu. Yana kwance a ƙasa, sai ya lanƙwasa ƙafafu ta inda ƙafar mutum ba ta lanƙwasuwa, ya miƙe tsaye, ya juyo da kai kamar mujiya. Yaron ya ce, "Ba su cin tuwo, ba su masassara, ba su tsufa. Ran da ɗan Adam ya ƙare, su za su gaji duniya." Fada ta kaure da gardama. Wani ya ce a'uzu billahi, wani ya ce ai an riga an gama. Ni dai ban tanka ba, amma maganar ta bi ni har gida, ta kwana da ni.

Shekara 19 ke nan ina gyaran injin ban ruwa da famfunan sola, daga lambunan albasa na Galmi har rijiyoyin arewa wajen Abalak. A matsayina na musulmi na san komai mai ƙarewa ne sai zatin Allah, wannan ba abin musu ba ne. Amma tambayar yaron ƙarama ce bisa ga wannan: in mutane suka kau, na'ura za ta ci gaba da rayuwarta ita kaɗai? Amsata a'a ce, kuma daga bakin aikina na samo ta.

Bara da rani aka kira ni wani ƙauye, aka ce foraj ɗinsu, wato rijiyar burtsatse, ya mutu. Wata ƙungiya ce ta gina musu shi da shato, wato tankin ruwa na sama, da allunan sola goma sha biyu, aiki mai kyau, ba a yi ha'inci ba. Ruwa ya yi ta raguwa har ya tsaya, mata suka koma tsohuwar rijiya mai gaba arba'in, jaki yana ja. Na hau kan ƙarfen, na sa yatsa a allon farko, sai ga layi ya fito kamar an yi rubutu a rairayi. Ƙurar hunturu ce ta daskare da raɓa da kashin tsuntsaye. Na buɗe akwatin wuta, tururuwa sun yi gida a ciki, ɓera kuma ya ɗan gwaguyi waya guda. Famfon kansa lafiya lau yake a ƙarƙashin ƙasa. Wata tsohuwa ta kawo bokiti da tsumma, ta ce, "Ɗana, wanga kaɗai ne ciwon?" Na ce, "Shi ke nan, Inna." Muka wanke, na ɗaure wayar, kafin la'asar ruwa yana zuba. Injin miliyoyin kuɗi, abin da ya tsaya tsakaninsa da mutuwa tsumma ne a hannun tsohuwa.

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙauye ce. Hukumar NASA ta Amurka ta sauke wata mota mai sarrafa kanta, Opportunity, a duniyar Mars a watan Janairun 2004. An shirya ta don aikin kwana 90, ta yi sama da shekara 14, abin yabo ne. Amma a watan Yunin 2018 guguwar ƙura ta rufe mata rana, batirinta ya sauka, ba ta sake magana ba. Wata na'urar tasu, InSight, ita ma ƙurar da ta taru a kan allunanta ce ta kashe ta a ƙarshen 2022. Masana mafi ƙwarewa a duniya ne suka ƙera su, ciwon da ya kwantar da foraj ɗin ƙauyen nan shi ya kwantar da su, sai dai can babu Inna mai bokiti.

Na san abin da za a kawo mini: kumbon Voyager 1. An harba shi a 1977, ya yi nisan sama da kilomita miliyar 24, har yanzu yana aiko da saƙo. Gaskiya ne, kuma ni kaina abin yana burge ni. To amma a ƙarshen 2023 ya fara aiko da shirme, wani ɗan guntu a ƙwaƙwalwarsa ya lalace. Injiniyoyi ne a nan duniyarmu suka yi wata biyar suna fama, suna aika umarnin da ke ɗaukar sama da awa 22 kafin ya isa, suka kauce wa gurbin da ya mutu, ya dawo hayyacinsa a Afrilun 2024. Ƙarfin wutarsa yana raguwa kowace shekara, suna kashe na'urorinsa ɗaya bayan ɗaya don ya ƙara kwana. Ran da suka daina, zai yi shiru. Gangar jikinsa za ta ci gaba da tafiya cikin duhu shekaru barkatai, wannan kam ba musu. In haka ake nufi da wuce ɗan Adam, to ledojin da ke maƙale a ƙayoyin bayan gari su ma za su wuce mu. Raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabus, arewa da Agadas, sun fi shekara 6,000, waɗanda suka sassaƙa su sun zama ƙasa tuntuni. Suna nan, amma ba su taɓa cin ganye ba.

Shi kuwa robo mai siffar mutum, a cikin dukkan na'urori shi ya fi rauni. Tsayuwa kan ƙafa biyu ba wasa ba ce, kowace gaɓa injinta daban, kowane inji kuma yana jiran ranar lalacewarsa. A Afrilun 2025 an yi tseren kilomita 21 a birnin Beijin na ƙasar Sin, aka sa mutum-mutumi 21 a ciki. Shida suka kai ƙarshe. Wanda ya zo na ɗaya, Tiangong Ultra, ya yi awa 2 da minti 40, an sauya masa batir sau uku a hanya, mutane suna gudu a gefensa suna kula da shi. Mutumin da ya lashe tseren ranar, awa ɗaya da ƴan mintoci ya yi. Kamfanin Honda, wanda muka sani da babura da janareto, ya fito da nasa mutum-mutumin, ASIMO, a 2000. Ya hau bene, ya yi gudu, har ƙwallo ya buga da Obama a 2014. A 2022 aka yi masa ritaya. Yaron da aka haifa shekarar da aka ƙera shi yanzu ne ma yake neman aure.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na robo mai siffar kare, AIBO, na kamfanin Sony. An fara sayar da shi a Japan a 1999, tsofaffi da yawa suka riƙe shi kamar ɗa. Kamfani ya daina ƙera shi a 2006, ya rufe wurin gyaransa a 2014. Daga nan karnukan suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya don babu kayan gyara. Har jana'iza aka riƙa yi musu a wani wurin bautar Buda, sannan a kwance gawar a ɗauki abin da ke da sauran amfani a sa wa wani. Duk makanikin da ya taɓa kwance mataccen inji don ya tada wani ya san wannan aikin. Mu kullum shi muke yi.

A fadar wani ya ce, "To ai za su riƙa gyaran junansu." Na yi tunanin wannan sosai, don ita ce hujja mafi ƙarfi. Gyara yana buƙatar kaya. Batura da yawa suna buƙatar ma'adinin kobalt, wanda kusan kashi 70 cikin 100 na duniya daga Kwango yake fitowa. Maganaɗisun da ke juya gaɓoɓinsa mafi yawa a Sin ake sarrafa su. Ƙwaƙwalwarsa mafi inganci a Taiwan ake buga ta, da wata na'ura da kamfani guda tak yake ƙerawa a duniya, ASML na ƙasar Holan. Sai a ƙara da jiragen ruwa, tashoshin wuta, hanyoyi, mai, da dubban mutanen da ke tashi da asuba don duk wannan ya juya. Igiya ce mai tsawo, ko'ina ta tsinke guga ya faɗa rijiya. Mun ɗanɗana kaɗan a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke amfani da shi. Masu walda sun zauna, masu ƙanƙara sun yi asara, injin niƙa ya yi shiru a unguwanni da dama. Amma turmi bai tsaya ba.

Dubi akuya. Ta ci ƙaya da busasshen kara, ta sha ruwan tabki, bayan wata biyar ta haifi biyu, kowanne da ido da ƙafa da hanji cikakke, ba a yi odar komai daga Taiwan ba. Dubi ɗan Adam: ya sha fura ya yini yana noma, ƙwaƙwalwarsa tana aiki da ƙarfin da bai wuce na ƙaramin ƙwan lantarki ba, wajen wat 20. Fartanya ta sare shi, cikin mako biyu fata ta haɗe da kanta. Ban taɓa ganin inji ya warke don an bar shi ya huta ba. Malamai sun karantar da mu cewa aljanu sun ci gaba da aikin wahala bayan rasuwar Annabi Sulaiman, alaihis salam, ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandarsa. Ina jin iyakar abin da na'ura za ta iya ke nan: ta ɗan ci gaba da aiki bayan mai ita ya tafi, ba ta san ya tafi ba, har wani ƙaramin abu kamar gara ya kawo ƙarshen zancen.

Ba ina raina na'urorin nan ba ne. Suna ci gaba da sauri, abin da ba su iya ba bara sun iya bana, kuma na'ura a hannun mugun mutum abin tsoro ce tun yau. Amma tsoron da yaron nan yake ji ba shi ne nawa ba.

Nawa ga shi. Duk wanda ya je Agadas ya ga hasumiyar babban masallaci, mita 27 ta laka, an fara gina ta a 1515, aka sake ta a 1844. Itatuwan nan da suka fito a jikinta kamar ƙaya, a kansu masu yaɓe ke takawa. Maginin ya san ruwa da iska za su ci ginin, sai ya bar wa jikokinsa tsani a jikin aikin. Haka masallacin Yama nan cikin jiharmu, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, har ya samu lambar yabo ta gine-gine ta Aga Khan a 1986. Laka ce, ruwan damina yana zaizayarta, amma mutanen gari sun san yadda ake kwaɓa ta, kuma ƙasar tana nan bayan gida.

Kayan da ake kawo mana yanzu babu wannan tsanin a jikinsu. Tsohon injin gazuwal, da sufana biyu da guduma nake kwance shi, in gasket ya ƙone in yanka wani da kwali mu ƙarasa yini. Sababbin famfuna kuwa akwatinsu a liƙe yake da wani ƙaro mai tauri, ba a buɗewa sai an fasa. Watan jiya wani mai lambu ya kira ni, albasarsa tana tsakiyar neman ruwa. Na gano ciwon cikin minti ashirin, abu ne da bai kai jaka biyu ba, amma na'urar ta ƙi tashi sai an sa mata lambar sirri daga kamfanin da ya ƙera ta a ƙetare. Kwana tara muna jira. Rabin lambun ya ƙone a gabansa, ni kuma ina tsaye da kayan aiki a hannu ba yadda zan yi. Ranar na ji ciwon da ban taɓa ji ba a sana'ata. To in famfo ya yi mana haka, ina ga mutum-mutumi?

Kuma mu lura da su wa ke rige-rigen ƙera su. Japan, Sin, Koriya ta Kudu, ƙasashen da tsofaffi ke ƙaruwa, haihuwa tana raguwa. A Koriya ta Kudu a 2023 lissafin haihuwa bai kai ɗa ɗaya ga kowace mace ba. Hannun aiki suka rasa, shi ya sa suke ƙera na ƙarfe. Mu kuwa kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ita kanta kalmar robo daga harshen Cek ta fito, ma'anar asalinta aikin tilas, wato aikin ƙarfi, irin wanda ɗan Adar ke barin gida bayan kaka ya je ya yi a Abijan ko Libiya ko Aljeriya: dako, haɗa kankare, ɗaukar bulo. Kuɗin nan su ke sayen hatsi a gidaje da yawa lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ran da na'ura ta fi ɗan ci-rani arha a wurin gini, ba sai ɗan Adam ya ƙare ba kafin mu ji a jikinmu. In kuma ta zo a kulle, ga aikin ƙarfi ya tafi, ga gyaran ma an hana mu, me ya rage wa yaran nan?

Shi ya sa nake ganin duk mai sayo wa ƙasar nan na'ura, hukuma ce ko ƙungiya ko ɗan kasuwa, ya kamata ya tambaya tun kafin ya biya: ana buɗe ta? Akwai takardar da ke nuna cikinta? Za a koya wa yaranmu? In amsa a'a ce, a bar musu kayansu komai kyansu.

Ranar Asabar na kira ɗan ƙanwar tawa shago. Na ajiye masa wani mataccen akwatin sola da mitar awon wuta da sukudireba, na ce, "Buɗe ka gaya mini abin da ya kashe shi." Ya yi wajen awa guda yana zufa, yana taɓa nan yana taɓa can. Can sai na ji ya ce, "Kawu, zo ka gani!" Tsaka ce ta shiga neman ɗumi, ta kwanta a kan wayoyi biyu, ta ƙone ta haɗa su. Ya cire ta da tsinke, muka sauya fis, fitila ta kama kore. Ya daɗe yana kallon fitilar nan bai ce komai ba.

Ya ce Asabar mai zuwa zai zo da abokansa biyu. Mita guda gare ni. In akwai wanda ke da tsohuwa da ba ya amfani da ita, nan Tawa ko Yamai, ko da ta lalace ce, ya yi mini magana, za mu gyara.