Na'urar wasan da ka saya da kuɗinka, wa ke da iko da ita?

A watan Mayun 2025, gab da fitowar sabuwar na'urar wasansa Switch 2, kamfanin Nintendo ya sauya yarjejeniyar masu amfani da kayansa a Amurka, ya ce duk wanda ya taɓa manhajar na'urar ba da izini ba, kamfanin na iya hana ta aiki har abada. Na'urar da ta fito kan dala 450 ce fa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu kare wannan mataki, waɗanda kullum hujjarsu ɗaya ce: ai an gwada buɗaɗɗiyar na'ura mai araha, wato Ouya, ta mutu.

To, mu duba me ya kashe Ouya. A 2012 ta tara sama da dala miliyan 8.5 a Kickstarter, shafin tara kuɗi daga jama'a, ta shiga kasuwa a 2013 kan dala 99. Android take ɗauke da shi, sukurori huɗu kawai za ka kwance ka ga cikinta, kuma sauya manhajarta ba ya soke garanti. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya cutar da ita. Ƙwaƙwalwarta, Tegra 3, ta wayar salula ce da ta riga ta tsufa tun ranar da aka fara sayarwa. Maɓallan abin bugawa suna maƙalewa, ka danna sai an jima wasan ya amsa. Ga kuma dokar cewa kowane wasa sai an ba da ɗanɗano kyauta, mutane suka ɗanɗana suka ƙi saye, masu ƙirƙirar wasanni suka watse. Da kamfanin Razer, wanda ya sayi manhajarta a 2015, ya rufe sabar, wato kwamfutar da na'urorin ke haɗuwa da ita ta intanet, a 2019, masu sha'awarta ne suka kafa tasu, na'urorin suka ci gaba da aiki. Rufaffiyar na'ura ba ta da wannan gata.

Yau, da allon ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4, wanda ya fito a 2019 kan dala 35, kowa zai haɗa tasa buɗaɗɗiyar na'urar wasa. Ka sauke RetroPie, manhajar buga tsofaffin wasanni, a katin microSD mai giga 32, ka haɗa wayar micro HDMI da talabijin, ka jona abin bugawa ta USB. Wuri biyu ake samun matsala. Caja ta gaza bolt 5 da amfiya 3, sai allon ya rage gudu, sauti ya riƙa yankewa. Zafi ya kai digiri 80, nan ma ya ja baya, don haka ƙaramar fanka dole ce.

Za a ce satar fasaha ake gudu. Wanda ya saci wasa a kai shi kotu, kamar yadda Nintendo ya karɓi dala miliyan 2.4 daga masu Yuzu, manhajar buga wasannin Switch a kwamfuta, a 2024. Wannan bai ba kowa damar lalata kayan da mutum ya biya ba. Sony ma ta cire damar sa buɗaɗɗiyar manhaja Linux a PlayStation 3 a 2010, bayan mutane sun saya saboda ita.

Kamfanin Valve ya ƙaryata su duka da na'urar wasansa. Steam Deck ya fito a 2022 kan dala 399, da Linux a buɗe, ana jona shi da talabijin, kamfanin iFixit na sayar da kayan gyaransa, kuma Valve bai talauce ba. Ya kamata hukumomin kare haƙƙin masu saye su haramta kashe na'ura daga nesa. Kamfani ya kori mai laifi daga sabarsa in ya ga dama, amma ya bar masa akwatinsa yana aiki.