A daina auna jinin mai jego da ido

Idan mace ta haihu, jinin da ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, shi ne iyakar da likitoci suka ɗauka a matsayin alamar haɗari. Matsalar ita ce ido ba ya iya tantance rabin lita. Jini ya jiƙa zani, ya shiga katifa, ya gangara ƙasa, ungozoma ta duba ta ce da sauƙi. Kafin a farga mai jego ta fara ganin jiri, jikinta ya yi sanyi, sai a shiga neman mai ba da jini a lokacin da aski ya riga ya zo gaban goshi.

Wannan giɓin ne binciken E-MOTIVE ya toshe. An buga sakamakonsa a mujallar New England Journal of Medicine a watan Mayun 2023, bayan an bi haihuwar mata sama da 200,000 a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya 'yar gida ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano. Abin da aka gwada bai da wata na'ura mai tsada: leda ce mai zanen ma'auni da ake shimfiɗa wa mace da zarar jariri ya faɗo, jinin ya taru a cikinta. Yana kaiwa layin, sai a haɗa magani gaba ɗaya a lokaci guda: a murza mahaifa, a yi allurar oxytocin mai sa mahaifa ta tsuke, a ba da tranexamic acid, maganin da ke taimaka wa jini ya daskare, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, in abin ya ƙi a kira babban likita. Da can ɗaya bayan ɗaya ake gwadawa, ana jira a gani. Sakamakon ya nuna zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100. Inda aka yi amfani da ledar an gano kashi 93 na masu zubar jinin, inda aka dogara da ido kuwa kashi 51 kawai aka gano. Kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da tsarin cikin shawarwarinta.

To, ilimi ya sauke nauyinsa. Saura na masu riƙe da baitulmali, kuma a nan nake da magana. Ledar da ba ta cikin ɗakin haihuwa ƙarfe biyun dare daidai take da babu. Muddin za a ci gaba da miƙa wa miji takarda a ce ya ruga kemis ya sayo allura matarsa na kwance tana zubar da jini, an rushe ainihin abin da binciken ya koyar, domin duk darajarsa a cikin mintuna take. Tun 2017 wani babban bincike, wanda Najeriya ma ta shiga, ya nuna tranexamic acid na rage mutuwa ta dalilin zubar jini da kusan kashi ɗaya bisa uku idan an bayar cikin awa uku da haihuwa. Bayan nan amfaninta ya wuce. Oxytocin kuma sanyi take so, daga digiri 2 zuwa 8. A zafin Kano na watan Afrilu, da wutar da ake kawowa yadda aka ga dama, allurar da ta daɗe a firji marar sola tana iya rasa ƙarfinta.

Za a ce, kuma gaskiya ne, mafi yawan matanmu a gida suke haihuwa, don haka ledar asibiti ba ta isa gare su. Kunyar haihuwar fari, jiran izinin maigida, kuɗin adaidaita sahu da tsakar dare, duk suna nan. Amma ban yarda wannan hujja ce ta jinkiri ba. Mace ba ta ƙin asibiti haka kawai. Labarin maƙwabciyarta da ta je ba ta dawo ba ne ke tsayar da ita. Asibitin da ya daina rasa masu jego, unguwa za ta ji, ko ba a yi shela a rediyo ba.

Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mata kusan 75,000 suka rasu a Najeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duniya baki ɗaya. 'Yan majalisar jihar Kano da ke zaman kasafin lafiya su tambayi ma'aikatar lafiya: leda nawa aka saya a bana, ɗakunan haihuwa nawa ke da tiren maganin a harhaɗe, kuma nas nawa aka horar a ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi 44?