Clair Patterson da gubar dalmar da duniya ta saba da ita

Clair Patterson ɗalibin kimiyya ne a Jami'ar Chicago ta Amurka lokacin da malaminsa, Harrison Brown, ya ɗora masa aikin da ake ganin ba zai ci lokaci ba: ya auna dalmar da ke cikin duwatsu. Sinadarin yuraniyom da ke cikin wasu duwatsu yana rikiɗewa sannu a hankali ya koma dalma, don haka wanda ya san yawan kowannensu a cikin dutse zai iya lissafa shekarun dutsen. Amma Clair Patterson, ɗan jihar Iowa da aka haifa a 1922, kullum sai awonsa ya fito da dalmar da ta wuce ƙima. Da ya bi diddigi, sai ya tarar da ita a ruwan famfo, a ƙurar ɗaki, a kwalabe, har a jikinsa da tufafinsa.

Da ya koma jami'ar Caltech a Kalifoniya, sai ya gina ɗakin gwaji mai tsafta ta musamman. A 1956 ya wallafa cewa duniya ta kai shekara biliyan 4.55, bayan ya auna gutsattsarin duwatsun da suka faɗo daga sama, ciki har da na Canyon Diablo a Arizona. Har yau wannan adadi bai canza sosai ba.

Da ya tsaya a nan, da sunansa ya shiga littattafan kimiyya ya zauna lafiya. Abin da ya sa nake girmama shi shi ne tambayar da ya ƙi bari: wannan dalmar da ta addabe shi a ɗakin gwaji, daga ina take? Ya auna ruwan teku, ya ga na sama ya fi na ƙasa dalma nesa ba kusa ba. Ya je Girinlan da Antaktika ya haƙo ƙanƙarar da ta daskare shekaru aru-aru, ya ga dalma ta yi tashin gwauron zabi a ƙarni na ashirin. Babban dalili shi ne man fetur, wanda tun 1923 ake zuba masa sinadarin dalma don injin mota ya daina ƙara.

Kamfanonin mai suna da nasu masanin, Robert Kehoe, wanda ya shafe shekaru yana cewa dalmar da ke jinin mutane ta halitta ce, tunda kowa yana da ita. A 1965 Patterson ya rusa wannan hujja. Ya ce don abu ya zama ruwan dare ba ya nufin haka aka halicce mu da shi; in kowa ya sha guba, ba za ka sami mai lafiyar da za ka kwatanta da shi ba. A ƙiyasinsa, jikin Ba'amurke na wancan zamani yana ɗauke da dalma kusan ninki ɗari na yadda ya kamata. A 1966 ya je gaban kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Edmund Muskie ya faɗi haka. Ya biya farashi: an janye masa kuɗin bincike, kuma a 1971 aka kafa kwamitin ƙasa kan dalma a iska ba tare da shi ba, alhali shi ya fi kowa sanin awonta.

Gaskiyarsa ce ta yi halinta. Amurka ta haramta fetur mai dalma a motoci gaba ɗaya a 1996, 'yan makonni bayan rasuwarsa a Disambar 1995. Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da shi a 2021.

Ina ganin hujjar Kehoe ba ta mutu ba, a wajenmu ma ana jin ta. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda jarirai ke rarrafe. Sama da yara 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a Rafi ta Jihar Neja. Waɗannan mutuwa ce ta tona su. Gubar dalmar da ta fi yawa ba ta kashewa nan take: tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, a ce masa daƙiƙi a makaranta, babu wanda zai yi tunanin auna jininsa. Fenti mai dalma, tsofaffin baturan mota da ake fasawa a bayan gari, har da wani kwallin da ake ranbaɗa wa jarirai, duk hanyoyi ne, kuma amsar da ake bayarwa ita ce ai haka muka taso muka gani.

Patterson bai yarda da wannan amsa ba sai da ya auna. Gwajin dalma a jinin yaro ɗigo kaɗan yake buƙata daga yatsa, kuma ya kamata gwamnatocin jihohin da ake haƙar ma'adinai su sa shi cikin aikin asibitocin ƙauye, a yi shi a ranar da uwa ta kawo ɗanta rigakafi.