Ranar da kwamfuta ta ce mu ake bi bashi

Sati biyu na yi ina haɗa wa Alhaji rahoto a Power BI, manhajar tsara rahoton alƙaluma a kwamfuta, don ya riƙa ganin bashin da ya rage a hannun 'yan sari ƙarshen kowane wata. Teburin kayan da aka fitar gefe guda, na kuɗin da aka biya gefe guda, na ɗaure su da teburin kwanan wata. Jimilla ta yi daidai, na yi barci har da minshari.

Ranar Litinin aka haska a bango. Alhaji ya ce, "To injiniya, nuna min Maris kawai." Na danna. Sai ga sunan wani ɗan sarinmu na kasuwar Kwari, da alamar ɗebewa a gaban kuɗinsa, ja wur. Wanda muke bi tun Janairu, wai yanzu shi ke bin mu miliyan huɗu.

Ɗaki ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Alhaji ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubawa. "Wato ni zan biya shi ke nan?" Na ce, "A'a ranka ya daɗe, matsalar tacewa ce." Ya ce, "Tacewa? Koko muke damawa a nan?" Har masinja sai da ya fita waje ya yi tasa dariyar.

Ashe da na zaɓi Maris, sai lissafin ya ɗauki kayan Maris kaɗai, ya cire kuɗin da ya shigo a Maris, alhali na kayan Janairu mutumin yake biya. Kamata ya yi in tara tun daga takardar farko har ranar da ake tambaya, sannan in cire duk abin da aka biya zuwa ranar. Gyaran layi biyu ne a DAX, yaren da ake rubuta lissafi da shi a Power BI, kuma wallahi na sani.

Wanda ya fi ƙona min rai tsohon akawunmu ne. Ya jawo littafinsa mai baƙin bango, ya lashi yatsa, yana buɗewa a hankali kamar mai karanta wasiyya, ya ce, "Yaro, biro ba ya mantuwa." Mutumin da rabin kwanakin da yake shigarwa a Excel wata ne a gaba, rabi rana a gaba, ni nake kwana ina gyarawa! Kuma dubu biyar ɗina da ya ranta tun ƙaramar Sallah har yau shiru. Jiya ma a gabana ya sayi tsire, bai ko ce bismilla ba.